Gidan haya: ɗaki biyu, uku ko biyar?

Wata baiwar Allah ta rubuto cewa kuɗin gadon marayunta ne a hannunta, tana son saya musu gidan haya, amma tsoro ya hana ta zaɓa tsakanin mai ɗaki uku da mai biyar.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, Allah ya raya su. Ki ɗauki mai ukun. Masu neman ɗaki biyu ko uku sun fi yawa, kuma galibi magidanta ne. Da zarar yara sun shiga makaranta a unguwa, tashi yakan yi wa iyaye wuya. Mai biyar kuwa tsada gare shi wajen saye da gyara, hayarsa ba ta hawa daidai da tsadar, kuma wanda zai iya biya sau da yawa nasa yake shirin mallaka. Ki riƙe wannan lissafin: gida ya zauna wata uku babu kowa, rubu'in kuɗin shekara ya tafi.

Wani kuma yana tambayar ciki da falo. Irin wannan yana samun ɗan haya da wuri, Malam, amma gwauraye, ɗalibai da sababbin ma'aurata ba sa daɗewa. Duk wanda ya fita, fenti da gyaran famfo a kanka.

Sai mai cewa zai raba falo da katako, ya mai da sito ɗakin kwana, gida mai ɗaki biyu ya koma mai huɗu. Haba, Alhaji! Wa za ka yaudara? Mai neman haya da idonsa yake zuwa, matarsa kuma ta fi shi gani. Ɗakin da ba taga, gado ya shiga ƙofa ta ƙi rufuwa, ana jin tarin na maƙwabcin ɗaki, wannan ba ɗakin kwana ba ne. Ga banɗaki ɗaya, mutum takwas na layi da asuba, shadda na cika kafin lokacinta. Mutumin kirki zai duba ya wuce, a bar ka da wanda ya rasa wurin zuwa, kuma shi ne mai wahalar biya.

Masu saye ma ku yi hattara, don irin wannan kwaskwarima ake yi wa gida kafin a kai shi kasuwa. Kada ku ƙirga ɗaki a bakin dillali. Ku je da tef ku auna, ku ƙwanƙwasa kowane bango, ku nemi a nuna muku zanen ginin na asali.