Maigidana ya ƙi zuwa gwajin haihuwa

Anti, barka da aiki. Shekarata 31, aurenmu ya shekara 3, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. An yi mini hoton mahaifa sau biyu, an ɗebi jinina, likita ta ce ba ta ga komai ba tukuna. Sai ta rubuta takarda ta ce maigida ya zo a gwada maniyyinsa. Wata 4 ke nan takardar tana jakata, har ta fara yagewa a ninki. Da na nuna masa, cewa ya yi lafiyarsa ƙalau, ai ni ma shaida ce. Duk watan da na ga jini, a banɗaki nake kukana, in wanke fuska in fito. Yanzu kuma an ce za a yi mini gwajin HSG, ina tsoro. Yaya zan yi?

Mai damuwa

Ƙanwata, wasiƙarki ta taɓa ni. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka.

Maza da yawa na faɗin abin da maigidanki ya faɗa, kuma kuskure ne. Ƙarfin shimfiɗa daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Maniyyi zai fito kamar na kowa a ido, amma ƙwayoyin ciki sun yi kaɗan ko ba sa motsi, sai a madubin likita ake gani. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai ɓangaren namiji a ciki.

Ga shi gwajinsa ya fi kowanne sauƙi, ko allura babu. Zai ƙaurace wa kwanciya kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a 'yar kwalba, a kai ɗakin gwaji cikin awa 1. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita. In aka samu ƙasa da haka ma ba a yanke hukunci, ana maimaitawa bayan kamar wata 3, don zazzaɓi mai zafi kaɗai kan rage su na ɗan lokaci.

HSG kuwa, ruwa ne ake turawa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto, a ga ko hanyoyin da ƙwai ke bi a buɗe suke. Ana yi bayan kin yi tsarki, kafin fitar ƙwai. Akwai murɗar mara kamar ta al'ada, amma 'yan mintoci ne. Ki tambayi likita maganin ciwon da za ki sha kafin nan. A ganina dai, bai dace ki sha wahalar wannan gwajin ba alhali nasa yana jira.

Ina zaton tsoro ne ke hana shi, ba rashin damuwa da ke ba. Kada ki tayar da maganar ranar da kika ga jini, kada kuma a gaban danginsa. Ki sami lokacin da hankalinsa yake kwance, ki roƙe shi ya raka ki ganin likita, rakiya kawai. Ki sanar da ita tun kafin ranar, ta yi masa bayani da bakinta, ta miƙa masa sabuwar takarda a hannunsa.