Me hoton sama yake nunawa a ƙasar Nijar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wasu hotunan ƙasar Nijar da aka ɗauka daga sama. A ɗaya daga ciki akwai fili cike da da'irori, ja da ruwan ƙasa da fari, kamar an jera ƙore a kasuwa. Ni na ce aikin kwamfuta ne, abokina ya ce gaske ne. Wa ke da gaskiya? Kuma me hoton sama zai ƙara wa mutumin da ya taka ƙasa da ƙafarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Abokinka ne da gaskiya. Bisa yadda ka siffanta, ramukan gishirin Tigidda-n-Tesemt ka gani, arewa da Ingal a jihar Agadas. Ƙasar wurin tana da gishiri, ruwan rijiyoyinsa ma haka. Sai a kwaɓa ƙasar da ruwan a manyan ramuka, idan laka ta kwanta a ɗebe ruwan saman a zuba a ƙananan ramuka, rana ta ƙarasa aikin. Launin kowane rami yana bin irin yumɓun da ke cikinsa, da ƙananan halittun da ke rayuwa a ruwan gishiri, da kuma yadda bushewarsa ta yi nisa. Wanda ya yi fari, gishirinsa ya kusa kwasa. Tuddan da ke gefe kuwa lakar da aka gama tatsa ce ake jibgewa shekara da shekaru. Masu hoto kan ɗan ƙara wa launi ƙarfi, wannan ba a musu, amma ba su suka ƙirƙiro shi ba. Yawancin gishirin nan na dabbobi ne, kuma da damina aikin tsayawa yake yi.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. Mai tafiya a ƙasa abu ɗaya yake gani a lokaci ɗaya: rijiya, katanga, gona. Na sama yana ganin yadda suka jeru, kuma a jerin ne dalili yake. Ɗauki tsohon garin Agadas, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Baƙo a cikin lungunansa ɓata kawai yake yi. Daga sama sai ka ga unguwanni 11 masu karkatattun iyakoki, domin an gina su ne a kan gurbin zangunan Abzinawa na da, gini ya bi sawun tanti. Hasumiyar babban masallaci, ta ƙasa zalla mai tsawon mita 27, tana tsaye a tsakiya, kuma da ganin inuwarta da yamma ka san abin da ya sa matafiya suka riƙe ta alama.

A duwatsun Abzin kuma kore ba ya bazuwa, siririn layi yake bi a bakin ƙorama. Lambunan Timiya da Iferwan suna nan ne saboda ruwa yana kusa a ƙarƙashin rairayin ƙoramar. Gabas da nan sai hamadar Tenere, inda ayarin raƙuma ke ratsawa zuwa Fashi da Bilma bayan damina, su kai gero su ɗauko dabino da kantun gishiri. Abzin da Tenere sun shiga jerin UNESCO tun 1991.

Amma ni a ganina babban aikin da hoton sama ya yi a Nijar ba a hamada ya yi shi ba, a gonakin Maraɗi da Damagaram ne. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, kowa ya ɗauka itatuwa ƙarewa suke yi. Da masu bincike suka ajiye hotunan sama na 1975 kusa da na bayan shekara ta 2000, sai ga wasu ƙauyukan da itatuwa ninkin na da. Ba dashen gwamnati ba ne. Manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, suna zaɓar reshe mai ƙarfi su yi masa aski su bar shi ya tashi. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka da hekta miliyan 5. A Damagaram gawo ya fi yawa, kuma manomi ya san dalili: ganyensa da damina yake zubewa, ba ya hana gero rana, ga taki a gindinsa. Kowane manomi ya san gonarsa, amma babu wanda ya san girman abin da suka yi tare sai da aka duba daga sama. Haka ramukan rabin wata da tassa na jihar Tawa, masu tare ruwan sama a kan fako, sai daga can ake gane faɗinsu.

Sai dai kada ka ba wa hoton sama amana duka. Yana ƙawata wahala. Ramukan Tigidda sun yi kyau a ido, amma ba ka ganin tsagewar ƙafar matar da ta wuni a ruwan gishiri. Kuma akwai abin da ba ya kamawa sam: zanen raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabus a jihar Agadas, wanda babban cikinsu ya haura mita 5, dole ka hau dutsen ka tsaya kansa kafin ka ga yadda aka sassaƙa kowane tabo na fatar.

Idan za ka ƙara duba irin waɗannan hotuna, lura da inuwa. Doguwar inuwa tana nuna da sassafe ko da la'asar sakaliya aka ɗauka, lokacin da tudu da kwari ke fitowa sarai. Wanda ka ga ya yi dishi-dishi, sararinsa fari fat, galibi na lokacin hunturu ne, hazo ya shiga tsakanin jirgin da ƙasa.