Wace na'urar laser ce ta dace da mai farawa?

Ɗan'uwa, ka ce kana son fara zana suna a katako, fata da acrylic (robar nan mai kama da gilashi) a shagonka na Agege, kuma jari kaɗan ne.

Tsakanin nau'in laser biyu, ta diode da ta CO2, ta diode ta fi araha, tana cin katako da fata, amma acrylic garai-garai haskenta ratsa shi kawai yake yi. Wannan sai ta CO2, ko mai wat 40, ita kuma dole sai da ruwan sanyaya bututunta mai fitar da hasken. Ni ita zan zaɓa maka.

Kada wat ɗin talla ya ruɗe ka, tambayi ƙarfin hasken kansa. Haɗa da sitabilaiza, ka san wutar Legas. PVC kuwa, wato irin robar da ake bututun ruwa da ita, kada ka kuskura ka sa shi a laser, hayaƙinsa guba ne. Saitin madubai masu juya hasken a cikin ta CO2 aikin ƙwararre ne, same shi kafin ka biya.