Tambaya da Amsa: Matse faifan gem ba tare da an yi asararsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da gidan gem a unguwar Birni, nan Damagaram, kuma na tara faifan PlayStation na farko da na biyu masu yawa, amma ƙurar hunturu da hannun yara sun fara karce su. Na kwafe su zuwa kwamfuta, sai wuri ya cika. Wani yaro ya ce in matse su, wato in rage girman fayilolin, ni kuwa ina tsoron su lalace. Shin abin da aka matse yana komawa yadda yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yana komawa, amma da sharaɗin ka zaɓi hanyar da ba ta zubar da komai, domin matsewa iri biyu ce, mai zubar da wani sashe da wadda ba ta zubar da komai, kuma yawancin asarar da ake yi daga rashin bambance su take tasowa.

Faifan PlayStation na farko, wanda Sony ta fitar a Japan a 1994, CD ne, kuma an rarraba shi gida-gida, kowane gida yana ɗauke da bayit 2352 (bayit ma'aunin girman bayanai ne a kwamfuta). A gidajen da ke riƙe da ainihin wasan, bayit 2048 ne kawai bayanan. Sauran alamomi ne da lambobin gyara kuskure, waɗanda su ne ke sa na'ura ta iya karanta faifan da ya ɗan karce. Da yake ana iya sake lissafo waɗannan lambobi daga bayanan kansu, tsari mai kyau yakan cire su lokacin matsewa, ya mayar da su daidai lokacin buɗewa. Haka tsarin ECM na Neill Corlett yake yi, haka ma CHD, wanda masu MAME, manhajar kunna tsofaffin wasanni a kwamfuta, suka samar, kuma shi nake ba ka shawara. Manhajarsa chdman kyauta ce: umarnin createcd yana matse fayilolin BIN da CUE, wato fayilolin da ake samu in an kwafe CD zuwa kwamfuta, extractcd yana dawo da su, createdvd kuma na faifan PlayStation 2 ne da ke kan DVD mai gigabayit 4.7. Ƙarin alherinsa shi ne DuckStation da PCSX2, manhajojin kunna wasannin PlayStation na farko da na biyu a kwamfuta, suna kunna CHD kai tsaye.

Abin da nake roƙonka ka guje wa shi ne mayar da faifan PlayStation na farko zuwa ISO, wani nau'in fayil na kwafin faifai, don ya ragu. Wasanni da dama suna ajiye kiɗansu a layuka na dabam kamar faifan waƙa, wasu kuma suna sa murya da bidiyo a gidajen da ke ɗaukar bayit 2324, ISO kuwa 2048 kaɗai yake riƙewa. Wasan zai iya buɗewa, har ka ɗauka lafiya lau ne, sai ka tarar babu kiɗa ko bidiyon ya tsaya. Haka nan kwafin da aka yanke wa sassa don ya yi sauƙin turawa a waya. Wannan ba adanawa ba ne, domin abin da aka yanke ya tafi ke nan.

Kada ka goge kwafin farko sai ka gwada. Ka fitar da lambar tantancewa ta SHA-1 ta fayil ɗin, wato lambar da kwamfuta ke lissafowa daga abin da ke cikinsa, kafin matsewa, ka matse, ka buɗe, ka sake fitar da ita. In lambobin biyu sun zo ɗaya, ko bayit guda bai ɓace ba. Sai dai ka lura cewa faifan da aka kwafa a fayilolin BIN da yawa yana iya dawowa a dunƙule, wanda zai sa lambar ta bambanta ko da babu abin da ya lalace. Shafin intanet na Redump yana da lambobin faifai na asali, don ka tabbatar kwafinka na farko ma bai fito da lahani ba saboda karcewa.

Ka kwafi faifan da ka mallaka kawai, ka ajiye a rumbun ajiyar kwamfuta guda biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana ɓata fayil. Faifan asali kuma su zauna cikin kwalinsu, a ɗaki mai inuwa, domin zafin Afrilu da Mayu a Damagaram yakan haura digiri 40, kuma a ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka.