Tambayoyi da Amsoshi: Me ya sa rubutun Markdown ke fita a hargitse a shafina?

Tambayoyin wannan mako sun taru a kan Markdown, wato salon rubutun nan da ake sa ƙananan alamomi irin su # da tauraro a cikin rubutu na yau da kullum, sai wata manhaja ta juya shi zuwa HTML, harshen da burauza ke karantawa. John Gruber ne ya fito da shi a 2004, tare da gudummawar Aaron Swartz.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina haɗa shafin darussa da harshen shirya manhaja na Python. Na sauke Python-Markdown, manhajar da ke juya Markdown zuwa HTML, amma jadawalin da ke fita tsaf a GitHub, shafin ajiye kod, a wurina sai ya fito da sanduna da layuka birjik. Ko manhajar ce ta lalace?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Lafiyar manhajarka ƙalau. Markdown na asali bai san jadawali ba. Abin da Gruber ya tsara shi ne kanun magana, jeri, mahaɗi, hoto, rubutu mai kauri da mai karkata, da 'yan kaɗan irin waɗannan. Jadawali daga baya aka ƙaro shi, kuma kowa ya ƙara nasa yadda ya ga dama. GitHub suna da nasu salon, wanda suka fitar da ƙa'idojinsa a rubuce a 2017, shi ya sa kake ganin jadawalin ya fito a can ba tare da ka taɓa komai ba.

Ita kuwa Python-Markdown, idan ka kira ta haka kawai, salon asali take bi. Sauran abubuwan suna nan a cikinta, amma a kashe suke sai ka kunna. Maimakon ka rubuta `markdown.markdown(rubutu)`, rubuta wannan:

`markdown.markdown(rubutu, extensions=['tables', 'fenced_code', 'footnotes'])`

Na farkon na jadawali ne, na biyun yana ba ka damar killace kod tsakanin alamomi uku-uku, na ukun kuma na bayanan ƙasan shafi ne. Akwai wani mai suna `extra` da ya tattara waɗannan da wasu a ƙunshi guda. Mutane na son sa saboda sauƙi, amma ni na fi son mutum ya lissafa abin da yake buƙata ɗaya bayan ɗaya, domin ranar da shafi ya fito da wani abin da ba ka gane ba, za ka san inda za ka fara dubawa.

Tun da muna kai, ga abubuwa biyu da za su ci maka tuwo a ƙwarya nan gaba. Idan ka rubuta jimla, ka fara jeri a layin da ke ƙasanta kai tsaye, GitHub zai gane jeri ne, Python-Markdown kuwa za ta haɗe su wuri guda su zama sakin layi ɗaya. Dole ka bar layi guda babu komai a tsakani. Haka nan jeri a cikin jeri: tana son tazara huɗu, biyu ba su isa ba. Idan rubuce-rubucenka suna da yawa kuma duk da salon GitHub ka yi su, gyara su ɗaya-ɗaya wahala ce. Gara ka koma markdown-it-py, wadda ke bin ƙa'idar CommonMark da aka fito da ita a 2014 don a rage wannan saɓani, kuma a kan wannan ƙa'idar aka gina salon GitHub ɗin.

Tambaya: Ina gaisuwa daga Maraɗi. Ina saka rubutattun waƙoƙina a shafi, amma duk baitin sai ya koma layi ɗaya miƙaƙƙe. Sannan ƙ da ɗ suna rikiɗa su koma wasu alamomi marasa kan gado.

Amsa: Malama, matsala biyu ce daban-daban. A Markdown, sauka layi sau ɗaya ba ya nufin sabon layi, manhajar tana ɗauka magana ce ke ci gaba. Tsohuwar dabarar ita ce a bar tazara biyu a ƙarshen kowane ɗango, amma a waya wannan azaba ce: da kin danna tazara sau biyu, allon rubutun zai ɗiga miki aya, kuma ko kin yi nasara ba a ganin tazarar da ido balle ki san ɗangon da kika tsallake. Idan da Python-Markdown kike aiki, ki ƙara `nl2br` a jerin abubuwan da kike kunnawa, shi ke nan duk inda kika sauka layi nan zai karye. Tsakanin baiti da baiti ki bar layi guda fanko. Masu aiki da manhajar markdown-it ta harshen JavaScript, su `breaks: true` za su sa.

Maganar haruffa kuwa, ina kyautata zaton abin da kike gani shi ne Æ™ a maimakon ƙ, da É— a maimakon ɗ. Wannan ba laifin Markdown ba ne ko kaɗan. An adana fayil ɗin da tsarin adana haruffa na UTF-8, aka karanta shi da tsohon tsarin Windows na harsunan Yammacin Turai, sai kowane harafi mai lanƙwasa ya tsage biyu. Wuri uku za ki duba: lokacin buɗe fayil ki rubuta `open(suna, encoding='utf-8')`, lokacin adana sakamakon ma haka, sannan a saman shafin ki tabbata akwai `<meta charset="utf-8">`. Python-Markdown gangar jikin rubutun kawai take bayarwa, ba ta haɗa miki kan shafi, don haka wannan layin na ƙarshe aikinki ne.

Akwai wani tarko da bai kama ki ba tukuna, amma yana nan tafe idan kika kunna `toc` don ya jera miki kanun waƙoƙin. Shi `toc` yana ƙirƙira wa kowane kan magana ɗan adireshi, kuma a tsarinsa na farko yana zubar da duk harafin da ba ya cikin baƙaƙen Ingilishi. Kan magana mai "ƙasa" zai koma "asa" a adireshin, "ɓarawo" ya koma "arawo". Ku da ke Nijar har ƴ ɗinku tafiya zai yi. Mahaɗin zai yi aiki, sai dai muni, kuma wanda ya rubuta shi da hannu ba zai dace ba. Tun daga siga ta 3.3 akwai maganinsa: ki ɗauko `slugify_unicode` daga `markdown.extensions.toc`, ki miƙa shi ta `TocExtension(slugify=slugify_unicode)`.

Shi kuma `smarty`, mai gyara alamomin zance su yi kyan gani, shawarata mai rubutun Hausar Najeriya ya kiyaye shi. Yana ɗaukar ɗan waƙafin da ke gaban 'yan a matsayin buɗe zance, sai ya juya shi baibai. A kalmar 'ya'ya za ka ga na farko ya kalli gabas, na biyu ya kalli yamma. In kana son sauran aikinsa, ka kashe `smart_quotes` kaɗai.

Tambaya: Na sa tauraro a gefe da gefen kalma kamar yadda nake yi a WhatsApp, sai ta karkace maimakon ta yi kauri.

Amsa: WhatsApp nasu tsarin daban ne. A Markdown tauraro ɗaya karkatarwa yake yi, biyu ne ke sa kauri.

Tambaya: Malam, muna da ƙungiyar matasa a Kumasi, muna son membobi su riƙa turo rubutu da Markdown yana hawa shafinmu kai tsaye. Akwai haɗari?

Amsa: Akwai, kuma babba. Markdown yana barin HTML ya wuce ta cikinsa yadda aka rubuta shi, da gangan aka yi shi haka. Ma'ana, wanda ya turo muku rubutu zai iya cusa `<script>` a tsakiya, wato kod ɗin da burauza ke zartarwa, manhajar ta miƙa shi ga burauzar duk wanda ya buɗe shafin, har da ta mai kula da shi. Ta nan ake sace shigar mutum a yi aiki da sunansa.

Za ku ci karo da tsofaffin darussa masu cewa a sa `safe_mode`. Kada ku bi su, an cire shi tun siga ta 3.0 a 2018, kuma dama bai taɓa toshe dukkan ƙofofin ba. Hanyar da ta dace ita ce a juya rubutun zuwa HTML tukuna, sannan a tace sakamakon da wata manhaja da aka yi don wannan aikin kaɗai. A da Bleach ake amfani da ita, amma masu ita sun sanar a 2023 cewa sun daina bunƙasa ta, yanzu nh3 aka fi komawa. Ku ba ta jerin abin da kuka yarda ya wuce: sakin layi, kauri, jeri, mahaɗi. Duk abin da ba ya cikin jerin ta share. A ɓangaren JavaScript, markdown-it tana zuwa da `html: false` tun asali, ku bar shi a haka, idan kuma dole sai kun kunna to ku haɗa da manhajar tacewa ta DOMPurify.

Abu na ƙarshe gare ku, tun da rubutu da yawa za ku riƙa juyawa a jere: idan kun ƙirƙiri `markdown.Markdown()` sau ɗaya kuna ta maimaita amfani da shi, ku kira `reset()` bayan kowane rubutu. In ba haka ba, bayanan ƙasan shafi na mutum na farko za su biyo su maƙale a gindin rubutun na biyu.