Ƙanena mai son zuwa Saudiyya karatun dutsen mai, ga amsarka

Wa alaikumus salam ƙanena, ya gida ya su Mama, da fatan an gama bautar ƙasa lafiya. Naga saƙonka tun shekaranjiya, kace ka gama digirin jiyoloji kana so kazo nan Zahran kayi mastas akan ma'ajiyar man da ke cikin dutsen kabonet, kana tambaya ko ka fara biyan kuɗin koyon Petrel, manhajar zana taswirar ma'ajiyar mai, tun daga gida, sannan ko ana samun aiki in an gama. Na daɗe ina juya maganar a raina shi yasa ban amsa da wuri ba.

Maganar Petrel ka ajiye ta tukuna dan Allah. Manhaja ce, wata biyu uku in ka zauna da ita zaka iya, kuma duk abinda ka zuba mata shi zata zana maka da kala mai kyau ko daidai ne ko ba daidai ba. Abinda zai wahalar da kai anan dutsen ne kansa. Mu a gida abinda aka fi karantar damu shine Neja Delta, yashin Agbada da laka ta Akata, kuma dutsen yashi yana da sauƙin kai, in ramukan cikinsa suna da yawa to galibi mai zai gudana da kyau. Kabonet ba haka yake ba wallahi. Shi asalinsa halittun teku ne suka gina shi, ɓawon katantanwa da murjani da ƙananan ƙwayoyi, kuma bayan ya kwanta ruwa ya ringa binsa kenan shekara miliyoyi, ya narkar da wani wuri ya toshe wani wuri da siminti na ma'adinin kalsait, wani wurin ya mayar dashi wani irin dutsen kabonet da ake kira dolomait gaba ɗaya. Sai kaga samfur biyu daga rijiya ɗaya, tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba, yawan ramukansu kusan ɗaya ne amma ɗaya mai na ratsa shi kamar rariya ɗayan kuma kamar an shafe shi da sumunti, saboda ramukan nasa basu haɗu da juna ba. Ranar da na fara ganin haka da idona a ɗakin gwaji na jima ina sake aunawa, na ɗauka na'urar ce ta samu matsala.

Bari in baka misali da rijiyoyin filin mai na Gawar (Ghawar) tunda ita ce a ƙofar gidanmu anan. An gano ta a 1948 a Ain Dar, aka fara ɗiban mai a 1951, tsawonta wajen kilomita 280 faɗinta wajen 30, ka kwatanta ya zarce Kano zuwa Kaduna. Man yana cikin wani shimfiɗen dutse da ake kira Arab-D, wajen kilomita 2 a ƙarƙashin ƙasa, wanda ya kwanta a teku mara zurfi kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, samansa kuma anhaidarait, wani dutse da mai baya ratsawa, ne ya rufe shi ruf kamar murfin tukunya shi yasa man bai tsere ba. A takardar da Aramco, kamfanin man Saudiyya, ta fitar a 2019 tace filin zai iya bada ganga miliyan 3.8 a rana. To tun shekarun 1960 ake tura ruwa ta gefen filin don ya riƙe ƙarfin matsi ya koro man zuwa rijiyoyi, daga baya ma ruwan teku ake tacewa a Kurayya a turo ta bututu. Anan ne dutsen ya nuna halinsa. Akwai wasu siraran layuka a cikinsa da suke kira sufa-ke, yawanci a inda dolomait yake ko inda dutsen ya tsattsage, layin da ƙafa ɗaya ta kaurinsa ke iya bada sama da ganga 500 a rana. Kana ji zakace ai alheri ne, kuma da farko alherin ne, amma ruwan da ake turawa shima nan yake bi da gudu ya riga man isa rijiya, ya bar mai jibge a dutsen da ke gefe. Duk aikin da kake son karanta ɗinnan, a taƙaice neman sanin inda irin waɗannan layukan suke ne tun kafin su ɓata maka rijiya, kuma saboda irin haka ne a Haradh, ɓangaren kudu na Gawar, aka koma haƙa rijiyoyi masu rassa a kwance da bawul a ƙasa, in reshe ɗaya ya fara kawo ruwa a rage shi.

Shi yasa dole kayi hannu biyu. Ɗan jiyoloji zai kwanta akan sandar dutsen da aka ciro daga rijiya yana bi taku taku, ya yanka shi siriri ya sa a madubin ƙara girma, ya raba shi da tsarin Dunham na 1962, wannan laka ce zalla wancan ƙwayoyi ne suka jingina da juna. Injiniya kuma yana can da awon matsi da gwajin rijiya da lissafin yadda mai da ruwa ke gudana tare. In basu zauna tabarma ɗaya ba taswirar ƙarya za'a samu. Ko lissafin Archie na gano yawan ruwa da mai a cikin dutse, da muka haddace a aji huɗu, wanda ake sa wata lamba da ake kira m daidai da 2 a wuce, a kabonet wannan lambar canzawa take da irin ramin, in ka sa 2 ido rufe sai ka ƙirga mai a inda ruwa ne. Sannan shi kabonet galibi mai yafi ruwa manne masa, wannan ma yana rage abinda turin ruwa zai fitar. Idan kasan lissafinka da kimiyyar sinadarai sunyi sanyi to ka fara ɗumama su tun yanzu, nan ne naga yaranmu sunfi shan wuya, ba a turanci ba.

Makarantar kuwa, jami'ar Sarki Fahad ta man fetur da ma'adinai, tun 1963 take, da turanci ake karatu, kuma katanga ce kawai tsakaninta da hedikwatar Aramco. Suna ɗaukar ɗaliban waje a mastas da dakta da tallafi, zasu nemi sakamakonka mai kyau da jarabawar turanci da wasiƙun malamanka, ka shiga shafinsu da kanka ka duba sharuɗɗan bana, kar ka ba kowa ko sisi da sunan ejan. Ka kuma sa ido akan tallafin PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na gida. Abinda nafi so anan shine dutsen da ke ƙarƙashin Gawar ya fito fili a wajen Riyad, irin su Wadi Nisah da tsaunin Tuwaik, sai kaje ka taka shi da ƙafarka ka ga yadda yake canzawa daga nan zuwa can. Zafi kam akwai shi ga gumi na bakin teku, kuma kar kasa a ranka kullum kana Harami, Makka ta haura kilomita 1,200 daga nan.

Aiki kuma gaskiya zan faɗa maka, kar kazo da tabbacin zaka zauna. Ƙasar tana da tsarin fifita ƴan ƙasa a ɗaukar aiki kuma da gaske suke, baƙon da ya gama mastas babu gogewa yana shan wuya, mafi yawan waɗanda na sani dakta suka zarce ko suka nemi wata ƙasar. In gida zaka koma, man Neja Delta a dutsen yashi yake, na Agadem a Nijar ma haka, don haka kasan da wannan. Amma ana yawan ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na man duniya a kabonet yake, Abu Dabi da Katar da Iraki da Kazakistan galibi shi ne, kuma wanda ya iya karanta kabonet, dutsen yashi bazai gagare shi ba.

Ga abinda nake so kayi kafin ka cike fom. Kalambaina tana nan a Sakkwato, Ashaka tana Gombe, duk dutsen farar ƙasa ne da ake siminti dashi, kuma kabonet ne na gaske mai cike da ɓawon halittun teku. Ka nemi izini ka ɗebo samfur kamar goma daga ƙasa zuwa sama, ka rubuta daga ina kowanne ya fito, ka ɗiga masa ruwan asid mara ƙarfi kaga wanda ke tafasa da sauri da wanda ke jan ƙafa, ka roƙi wani malami a sashenku a yanka maka ko uku ne ka duba a madubi. Ka rubuta shafi biyu akan abinda ka gani ka turo min da hotunan ta WhatsApp, sai mu gyara tare mu sa a takardar neman gurbin. Ka gaida Mama da kyau, kace tana cikin addu'a.