Maganar lissafin taku a sikirin

Kai Sani wallahi ka sosa min inda yake ciwo. Kana tambaya wai za a iya saita wa mutum waya ta riƙa nuna masa yawan takunsa a sikirin kullum don ya tashi ya motsa jiki? Ana yi mana. Amma ba sikirin ke ƙirgawa ba, wani ɗan sensa ne a jikin bod, wato allon kayan cikin waya, yake jin jijjiga, sikirin nunawa kawai yake. Yadda ake fito da Samsung Health, manhajar da ke nuna yawan taku, gaba kam ba zan ɓata bakina ba, yaran Shari Mansur ta Makka ma sun iya, ka dai ba shi izinin motsin jiki don tun Android 10 in babu shi sifili zai ta nunawa.

Wani Alhaji ne ya zo min likita ya ce suga ta kama shi sai ya riƙa tafiya, na sa masa sabon sikirin irin AMOLED orijinal, ya ce lallai lambar takunsa ta tsaya ɓaro-ɓaro kar ta ɗauke, na ce Alhaji irin wannan sikirin in hoto ya daɗe wuri ɗaya da haske sosai tabo yake yi, a bar saitin kamfani mai ɗan gusa lambar da kansa, ya ce shi idonsa ba ya gani, ya je wani ya sa masa af, wato manhajar da ke hana waya barci, ya ƙure haske. Bayan 'yan watanni sai ga shi da surukinsa a bakin shago ana Magariba suna ɗaga murya wai jabu na sa masa, inuwar lambar ta zauna daram ko Ƙur'ani ya buɗe tana nan. Mutane sun taru. Riyal 900 na biya daga aljihuna, har yau in na tuna abinci ba ya min daɗi.

Kuma ka san me? Direbansa ne ya faɗa min daga baya, ashe jikansa yake ba wa wayar yana girgizawa don Hajiya ta ga taku 10,000. Mutumin da sa'ayi ma, kilomita uku da 'yan kai, a keke ake tura shi alhali ƙafarsa ƙalau.

Ku yaran yanzu kwastoma na magana jikinku na rawa. In wani ya nace a bar masa lamba tsaye a sikirin, ka rubuta a rasit babu garanti a kan tabo, ya sa hannu kafin ka taɓa sukurudireba.